Maganin Autan Inna

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ƙyauren gidanmu a rufe ba. Na kwano ne, babanmu ya sa aka kafa shi shekarar da zai rasu, aka buɗe shi aka jingina da bangon zaure, shi ke nan ya samu wurin zama har gindinsa ya nutse a ƙasa. Wani tsohon asabari muke saki saboda awaki, su ma awakin sun san ba da gaske ake yi ba.

Dalili kuwa Inna ce, mahaifiyarmu. Inna ba ta iya cewa babu ba. Ba yabonta nake yi ba, lalura ce, kuma mu 'ya'yanta mu muka yi jinyarta. Turminmu ya fi sanin gidajen maƙwabta a kan namu. Rariya, tukunyar biki, gishiri, garwashin wuta, duk wanda ya tsaya a ƙofa ya yi sallama ya samu. Tsaninmu yana gidan Baffa, yayan babanmu, tun ina firamare, har yau kuma idan za mu gyara rufin ɗaki sai a je a aro shi daga can, a mayar kafin magariba. A ƙauyenmu, can bayan Kajiji a ƙasar Shagari, kowa yana ba da aro, amma gidanmu ne hedikwata.

Ni ce babba a ɗakin Inna. Ina koyar da ilimin halittu a wata sakandaren 'yan mata a Bodinga, ina leƙa gida ƙarshen wata. Wanda zan ba da labarinsa shi ne autanmu, namiji ɗaya da Allah ya bar mata.

Kafin ciwon bakinsa ba ya hutawa. Yana kwaikwayon tafiyar kowa a ƙauyen, har ta Baffa, kuma a fadama ba wanda ya kai shi iya rainon irin albasa. Yana dab da shekara ashirin ya fara yin shiru, muka ce girma ne. Ya daina wanka sai an yi masa magana, muka ce gajiyar fadama ce. Sai wata rana ya gaya wa Inna, a natse kamar mai ba da labarin kasuwa, cewa injin ban ruwa yana kiran sunansa. Da farko injin ba ya zaginsa, hira kawai yake masa. Daga baya komai ya shiga maganar. Idan akuya ta dube shi, da dalili. Idan mutum biyu suka yi dariya a teburin mai shayi, da shi suke. Ya daina cin abincin kowa sai na Inna, ita ma sai ta fara kai loma a gabansa.

Baffa ne babba tun rasuwar babanmu, shi ya yanke shawara. Ya kai shi gidan wani mai magani a wani ƙauye mai nisa, inda ake ajiye masu irin wannan ciwo. Ƙa'idar gidan ita ce kowa ya zo da sarƙarsa, don haka Baffa ya sa maƙeri ya ƙera doguwa, mai mari a baki ɗaya, da zoben turkewa a ɗaya bakin. Autanmu ya yi rani guda a can. Ya dawo ƙashi da fata, ba ya cewa uffan, da baƙin tabo zagaye da idon sawunsa na hagu. Baffa ya ce ai ga shi ya yi shiru, an samu sauƙi. Sarƙar ma ta dawo, don Baffa ba ya barin kayansa a gidan wani, na wani ne dai ke daɗewa a nasa. Ya kafa ƙusa a zaurenmu ya rataye ta. Duk mai shiga gidan sai ya bi ta gabanta. Autanmu yakan wuce ta a karkace, kafaɗarsa na gogar ɗaya bangon.

Muryoyin ba su je ko'ina ba, ya dai koyi kada ya faɗa. Da na gane haka, hutu na zuwa na ɗauke shi ban yi shawara da kowa ba, na kai shi asibitin masu ciwon ƙwaƙwalwa, aka kwantar da shi. Likitan wani siririn mutum ne mai tabarau. Da ya ji abin da nake koyarwa sai ya ja kujera ya yi min bayani kamar abokiyar aikinsa, ni kuma na riƙa gyaɗa kai kamar na sani tun da. Sunan ciwon sikizofireniya. Inna ta gwada faɗinsa sau ɗaya ta ce a bar wa likita kayansa.

Muddin yana kwance a asibiti Inna tana wurina a Bodinga. Wata rana bayan an tashi makaranta ta dube ni ta ce, "Wai mi ka damun kan yaron ga? Iska ta, ko ba iska ba?"

Na san idan na fara da baki ba za mu gama ba, sai na kai ta ɗakin gwajinmu. Madubin ƙara girma ɗaya ne ke aiki a duk makarantar, shi ma sai an juya shi wajen taga ya sha rana. Na ɗauki albasa ɗaya cikin tsarabar da ta kawo min, na ɓare siririn fatar nan ta ciki, na shimfiɗa a gilashi na ɗiga aidin, kamar yadda nake yi wa ɗalibai kowace shekara. Inna ta sunkuya ta rufe idon da ya kamata ta buɗe. Da muka gyara wannan, ta daɗe tana kallo.

"Ɗakuna na," ta ce. "Jere, awa gidan haya."

Na ce sunansu sel, kuma ita ma da irinsu aka gina ta. Ta ce ita dai ba albasa ba ce, amma in ci gaba.

Na ce na ƙwaƙwalwa ba su da kusurwa huɗu irin waɗannan, dogayen rassa gare su, suna miƙa wa juna hannu amma ba sa taɓawa. Tsakanin kowane biyu akwai 'yar rata da ido ba ya gani. Idan ɗaya yana da saƙo, sai ya feso wani sinadari a cikin ratar, na kusa da shi kuma yana da 'yan ƙofofi a jikinsa inda sinadarin ke tsayawa ya isar da saƙon. Tunani, tsoro, tuna sunan mutum, duk da wannan miƙe-miƙen ake yin su.

"Ashe su ma suna maƙwabtaka," in ji Inna, ta gyara zama. Ranar ce ilimin halittu ya fara burge ta.

Na ce ɗaya daga cikin sinadaran sunansa dofamin, kuma cikin ayyukansa akwai taɓa mutum a ce masa, duba nan, wannan abin da muhimmanci. A cikin kan autanmu, wani sashe can ciki yana feso shi fiye da kima, kuma ba a lokacinsa ba. Akuya ta ɗaga kai, saƙo ya iso cewa babban abu ya faru. Mutum kuwa ba ya iya zama da babban abu ba bayani, dole ya nemo masa dalili, sai ya ce akuyar aiko ta aka yi. Ba ƙarya yake mana ba. Saƙon da gaske ya iso masa, aikensa ne aka yi ba daidai ba.

Sai na gaya mata ɗaya abin, wanda likita ya ce masu bincike suna zato ne, ba su gama tabbatarwa ba. Yaro yana tasowa da irin waɗannan mahaɗai fiye da yadda yake buƙata. Idan ya fara balaga sai a shiga rage su, akwai wasu ƙananan sel masu shara da ke bi suna cinye waɗanda aka yi wa alama. Ga kowa haka ake yi. Amma ga irin su autanmu, da alama masu sharar suna wuce gona da iri, musamman a gaban ƙwaƙwalwa, wurin shirya tunani da sha'awar shiga mutane. Shi ya sa ciwon ke jiran yaro ya zama saurayi kafin ya fito.

Inna ta ce, "Cirar gero ta ke nan. An cire har da na bari." Sai ta tambaya ko wanda aka cire yana sake tsirowa. Na ce likita bai yi alkawari ba. Ta ɗauki sauran albasar da na yanka ta ƙulle a bakin mayafinta, ta ce ba a zubar da abinci.

A hanyar gida ta tambayi abin da maganin yake yi. Na ce yana zama ne a bakin wasu daga cikin ƙofofin nan, ya tare, don kada dofamin ya samu shiga duka.

"Tsaron ƙohwa shika yi? Maƙwabci shi kawo abu a hana shi shiga?"

Na ce haka ne.

"To ba shi da tarbiyya," ta ce. "Amma in shina aiki, a ba shi."

Yana aiki. Aka sallamo autanmu da ƙwayoyin sha, ya dawo gida, injin ban ruwa ya koma injin ban ruwa. Yana cin abincin kowa, yana amsa gaisuwa, har ya sake zuba irin albasa. Sai dai jikinsa ya yi nauyi, yana tafiya kamar mai ɗauke da tulu, kuma barci yake yi kamar an biya shi. Likita ya ja kunnenmu cewa ko ya warke sarai kada ya daina sha, don maganin tare ƙofa yake yi, ba gyara ta ba, ranar da ya tashi daga wurin komai zai dawo. Na maimaita wa Inna har ta ce ta ji, ita ba kurma ba ce. Gargaɗin da ya fi dacewa da gidanmu kuwa ba wanda ya yi shi, don likita bai san Inna ba, takardar cikin kwalin ma ba ta san ta ba.

Baffa bai yarda da ko ɗaya ba. Da ya ji akwai gado a ciwon ya ce daga dangin Inna ne. Na gaya masa likita ya ce ba abu ɗaya ake gada ba, 'yan ƙananan abubuwa ne barjat daga ɓangaren uwa da na uba, kowa na ɗauke da nasa kason, har da wanda ke zaune a gabana. Na ji daɗin faɗin wannan. Shi kuma ya nuna sarƙar da sandarsa ya ce, "Maganin ga naku kwana kawai shika sa shi. Ranar da yat tashi, ga ta nan rataye."

Wannan maganar ta Baffa, cewa maganin barci ne, ita ta zaga ƙauyen.

Ni ban san komai ba. Ina kawo maganin kowane wata, Inna ta karɓa ta zuba a wani gwangwanin madara ta ajiye a kan jere. Sai wani ƙarshen wata, bayan an gama girbi, na sauka daga kabu-kabu ina kakkaɓe zanena, maƙwabciyarmu mai ƙuli-ƙuli ta tare ni da fara'a har kunne.

"Malama, Allah shi saka maki da alheri. Maganin kwanan ga naku, wallahi ba irinai. Tun da Innarku tab ba ni rabi nis sa ma mai gidana cikin kunu, gidanmu lahiya lau."

Na tambaye ta ko mai gidan nata ba shi da lafiya ne. Ta ce lafiyarsa ƙalau, surutu ne dai ya yi masa yawa.

Kafin in kai ƙofar gida na ji sauran. Mai ciwon haƙori ya samu. Wata da ɗanta ya tafi ci-rani take kasa runtsawa ta samu. Wanzamin ƙauyen ya karɓi guda cur, don shi ba ya son rabin abu, washegari wuyansa ya murɗe gefe ɗaya, harshensa ya fito ya ƙi komawa. Aka ce iska ce ta buge shi, aka yi hayaƙi, daga ƙarshe aka ɗora shi a babur zuwa asibitin Shagari, suka yi masa allura wuyan ya saki. Da ya dawo bai zargi maganin ba, har ya sake aikowa.

Ban tsaya a gida ba, na wuce fadama. Na tarar da autanmu a tsugune kusa da injin, ya kara kunnensa a jikin ƙarfen. Injin a kashe yake. Ya ɗago ya dube ni.

"Yaya, kin jiya? Yanzu ko a kashe shina magana."

Na tsuguna kusa da shi. Na tambaye shi yaushe rabonsa da magani, ya ce yana sha idan ya rage. Wani lokaci ma shi da kansa yake miƙa wa masu zuwa, don maganin na hana shi tashi ban ruwa da wuri, kuma dai ɗan Inna ne. Sai ya kama hannuna ya ce, "Baffa ya sani?" Ɗaya hannun nasa yana kan idon sawunsa, bai ma san ya kai shi can ba. A rayuwata ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, kuma tsoron bai daɗe ba ya zama fushi.

Inna na tankaɗe na shiga. Ban gaishe ta ba. Na ɗauko gwangwanin na kife shi a gabanta, ba abin da ya faɗo. Na yi faɗa har maƙwabta suka leƙo ta katanga, waɗanda ba su barci ke nan. Inna ta bar ni na gaji, sannan ta ce, "Matar ga ta zo da ƙahwarta, tai sallama, tad durƙusa. Ga abu cikin gwangwani tana gani. In ce mata mi?"

Na ce ki ce mata babu.

"Akwai kuwa."

Na ja ta har zaure na nuna mata ƙusar. Na ce Inna, abin da ke riƙe da sarƙar nan a bango ba ƙusa ba ce, abin da ke cikin gwangwanin ne, kuma kin rabar da shi. Duk rabin da kika ba wani, ƙofa ce kika buɗe a kan yaron nan. Ta tsaya tana duban sarƙar kamar yau aka kawo ta. Ta koma ta ci gaba da tankaɗe, amma garin a ƙasa yake zuba.

Na ba shi sabon maganin da na kawo, sai dai ba a ranar da aka sha yake kama aiki ba, kuma yanzu ya fara zargin ƙwayar ma, yana ɓoye ta a kunci. Ranar kasuwar Kajiji ya sulale ya tafi. Ya tsaya a tsakiyar 'yan albasa ya roƙe su, cikin ladabi, su daina aiko masa da saƙo ta hanyar jera buhuna. Da suka yi dariya ya shiga ture buhunan. Wasu 'yan ƙauyenmu suka riƙo shi suka kawo shi gida da yagaggiyar riga.

Da la'asar Baffa ya zo. Ya sauke sarƙar, ya zauna a zaure ya shafe ta da baƙin mai, ya gwada marin ya ga yana buɗewa, ya mayar ya rataye. Ya ce ya yi magana da mai mota, gobe da hantsi za a tafi. Na durƙusa na ce Baffa maganin bai gaza ba, ƙauye ne ya shanye shi. Ya ce maganin da ya juya wa wanzami wuya ba shi za a ci gaba da ɗura wa ɗan ƙaninsa ba. Ya ce yau buhu ya ture, gobe wani zai fasa masa kai a kasuwa, ko a tsamo shi a rijiya, kuma shi za a tambaya ranar gobe ƙiyama. Ba mugunta ce ke damun Baffa ba, tsoro ne, irin nawa sak, nasa dai na ƙarfe ne. Ya ce na gwada nawa, yanzu in bar manya su yi nasu. Autanmu yana ɗaki yana jin komai.

Inna ba ta sa baki ba. Baffa na fita ta ɗauki mayafi ta fice, ita da ba ta zuwa ko'ina sai gaisuwar mutuwa da barka. Na ɗauka gidan wata ta tafi ta yi kuka. Ta dawo dab da magariba da ƙaiƙayi a ƙafafunta. Can ina ɗaki wurin autanmu na ji sallamar wani baƙo a zaure, na ji Inna ta amsa, na ji ƙarar ƙarfe. Sallama a gidanmu ba labari ba ce, ban fito ba.

Da hantsi mota ta tsaya a ƙofa. Baffa ya shigo ya miƙa hannu wajen ƙusa, hannun ya dawo ba komai. Ya dubi ƙusar, ya dubi ƙasa, ya ƙwala wa Inna kira. Ta fito ta durƙusa daga nesa yadda ta saba.

"Ina sarƙa?"

"An are ta, Malam."

"Wa ya are ta?"

"Wani Bahillace, cikin waɗanda sunka sauka gonakin bayan gari. Bijiminai ka tsinke igiya."

"Wa yab ba ki izni?"

"Ya zo da ƙahwatai, yai sallama. Ga abu rataye shina gani. In ce mai mi?"

Baffa ya ce a je a karɓo. Inna ta ce ai tun asuba suka kaɗa shanunsu suka yi kudu, sai ruwa ya sauka. Daga baya mai ƙuli-ƙuli ta ba ni sauran labarin. Inna da kanta ta bi ruga tana tambayar wa ke da sa mai tsinke igiya, kuma wa zai tashi gobe. Da ta samu, ba ta kai masa sarƙar ba. Ta kwatanta masa gidan ta ce ya zo ya yi sallama ya roƙa, don ita ba ta ba da abu sai an tambaya.

Baffa ya juya ya sake duban ƙusar. A ƙauyenmu ana iya yi wa mace faɗa a kan abubuwa da yawa, amma ba a kan ta ba da aro ba, balle daga bakin wanda ya fi kowa cin moriyar abin. Don in taimaka masa na ce, "Baffa, idan sun dawo sai a karɓo ta, a haɗa da tsani a kawo gaba ɗaya." Kallon da ya yi min har yau ina jin sa a gefen fuskata.

Maƙeri ba zai gama wata sarƙar a ranar ba, gidan mai magani ba sa karɓar mutum ba sarƙa, direba kuma yana ta danna ham yana cewa shi yana da lodin albasa. Na ce tunda ga mota, asibiti ba sa tambayar sarƙa. Na shiga ɗaki na gaya wa autanmu inda za mu, na rantse masa. Ya leƙo zaure ya ga ƙusar tsirara, sannan ya yarda ya sa takalmi. Baffa ya shiga gaba, tunda shi ya kira motar.

Da na gaya wa likita inda maganin ya tafi, ya cire tabaransa ya goge, ya mayar, ya tambaya ko mutanen ƙauyen suna samun barci yanzu. Sannan ya daina wasa ya ce Allah ne ya tsare ba a ba ƙaramin yaro ko mai ciwon zuciya ba. Ya mayar da autanmu kan allura, wadda ake yi wata-wata, ta zauna a cikin tsoka tana sakin maganin kaɗan-kaɗan. Ya ce wannan sai dai idan Inna za ta ba da aron yaron gaba ɗaya.

Sauƙin ya zo a hankali. Muryoyin suka yi nisa, sannan suka yi shiru, ko kuma suka rage har ya iya ƙyale su, ban matsa masa ya faɗa min wanne ba. Albasar wannan shekarar ta lalace, ya ce zai sake zubawa. Yana aiki, yana zuwa masallaci, yana zama a teburin mai shayi ya saurari hira. Amma bai sake kwaikwayon tafiyar kowa ba. Allura tana tsare ƙofa, ba ta dawo da abin da aka cire. Ina kewar wancan yaron mai surutu, kuma ina son wannan mai shirun, duka biyun a lokaci ɗaya, ban san yadda ake raba su ba. Masu neman maganin barci sun ci gaba da zuwa na ɗan lokaci. Inna takan ɗauko gwangwanin ta kife musu shi da kanta, fuskarta a sake, don yanzu babun gaskiya ce.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Wata rana ina gida, muna zaure ni da autanmu yana gyara ƙotar fartanya, sai ga sallama. Wani dogon Bafillace ne da malafa, sarƙar a naɗe a kafaɗarsa, an wanke ta tas, a hannunsa kuma ƙwaryar man shanu, don ba a mayar da aro hannu wofi. Mutumin kirki ne, irin wanda ba a so a gamu da shi a irin wannan rana. Autanmu ya ajiye fartanyar. Ya tashi ya ja da baya har bayansa ya taɓa bango.

Inna ta fito tana goge hannu. Baƙon ya gaishe ta, ya yi godiya, ya ce bijimin ya natsu, ga kayanta.

"Ba gidan ga ka ara ba," in ji Inna.

Ya yi murmushi ya ce nan ne, ga ma ƙusar can. Ya tuna mata ranar, ya tuna mata har ruga ta je.

"Ba ni san ka ba, bawan Allah. Ba mu da sarƙa gidan ga."

Ban taɓa jin Inna ta yi ƙarya ba, kuma ba ta iya ba sam, ko yaro ba zai yarda ba. Baƙon ya dube ta, ya dubi autanmu da ke manne da bango, idonsa ya sauka har kan tabon. Ya miƙo ƙwaryar man kaɗai. Inna ta girgiza kai. Sai ta juya ta kama ƙyauren nan na kwano da hannu biyu ta ja. Bai motsa ba, ƙasar shekaru ta riƙe gindinsa. Ta sake ja, tana haki, ɗankwalinta ya zame.

Autanmu ya bar jikin bango. Ya zo ya sunkuya ya sa hannu a ƙarƙashin ƙyauren ya ɗaga shi daga cikin ƙasa, Inna ta tura, su biyu suka kai shi har bakin ƙofa. Zauren ya yi duhu da tsakar rana. Muna tsaye mu uku muna jin ƙarar sarƙar tana nisa a kan hanya, har muka daina jin ta. Sannan autanmu ya ce ƙyauren yana son mai, ya shiga ciki ya ɗauko.